Koci, Ba Kowace Rama Ce Nasara Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yau maganata da masu horar da matasa ce: kocin ƙwallo, mai koyar da kokawa, da wanda ke fita da samari gudun asuba suna shirin neman aikin soja ko kwastan. Daga Bagudo zuwa Ka'oje, Illo, Lolo har Tsamiya a bakin iyakar Benin, ba garin da babu irinku. Mu malamai yaro muke gani cikin riga a sahun sallah, ku kuwa haƙarƙarinsa kuke gani.

Akwai ciwon da likitoci ke kira anoreksiya, da ɗan uwansa bulimiya. Abinci na gaban mutum amma tsoron ƙiba ya hana shi ci, ko kuma ya ci ya zagaya baya ya sa yatsa ya amayar. Na san rama a wajenmu galibi ta rashi ce, ko tsutsar ciki, ko doguwar jinya. To amma mai yunwa in an ajiye tuwo zai sa hannu. Wannan kuwa kullum "na ƙoshi", kullum yana kan sikeli, jiri na ɗibarsa a fili, yana jin sanyi ana zafi, an tashi horo shi yana ƙara zagaye. In mace ce, al'adarta ma kan ɗauke, wanda kuma sai mace 'yar uwarta za ta ji wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ciwon ke ɓuya a cikinmu: bayan azumin nafila. Ya fara da Litinin da Alhamis, ya koma kullum, ba sahur, buɗa-baki dabino ɗaya da ruwa. Kowa na cewa masha Allah, ustazu. Wa zai ce wa mai ibada ya daina? Alhali Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai wisali, wato haɗa azumin yau da na gobe ba tare da an ci komai ba.

Ku duba ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i a Sahihul Bukhari. Salmanu ya kai ziyara, ya ga Ummud Darda'i ba ta kula da kanta, ya tambaya, ya gane mijinta ya juya wa duniya baya. Aka kawo abinci, mai gida yana azumi. Salmanu bai yi masa tsawa ba, bai tara masa jama'a ba, ya dai ƙi ci sai sun ci tare. Da dare ya hana shi tsayuwa sai ƙarshen dare, suka tashi tare. Da maganar ta je ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salmanu.

To koci, kai ma haka. Ka ja shi gefe, kai da shi. Kada ka yabi ramarsa, kada kuma ka mai da shi abin dariya a gaban 'yan uwansa. Ka faɗa masa abin da idonka ya gani: "Ƙanena, sau biyu ke nan jiri na kayar da kai, me ke faruwa?" Ka dakatar da horo mai nauyi, domin yawan amai na zubar da sinadarin fotasiyam, zuciya kuma na iya rikicewa ana cikin gudu. In yaro ne, ka sami mahaifinsa.

Kuma don Allah kada ka zama likita. Kada a je kemis a sayo masa "sha ka fashe", kada a danne shi da ɗura. Wanda ya daɗe ba ya ci, in aka cika shi da abinci lokaci guda, shi ma hatsari ne ga ransa. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti. A fara da babban asibiti mafi kusa, in an tura ku Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, ku tafi, ba hauka aka ce yana yi ba.

Azumin nafila kuwa ya ajiye shi har ya warke. Na Ramadan ma, in amintaccen likita ya ce zai cutar da shi, hukuncinsa hukuncin mara lafiya ne: ya sha, ya rama daga baya. Wallahu a'alam.