Ko Kallo Ma Yana da Haƙƙi?

A cikin teku akwai wata dabba wadda Turawa ke kira wel, wadda a wannan rubutu za mu kira giwar teku saboda girmanta. Ko da yake siffarta ta kifi ce, numfashi take yi da huhu, tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono kamar saniya. Dangantakar ɗan Adam da wannan dabba ta daɗe tana tafiya a kan tsinin mashi. A ƙarni na ashirin kaɗai an kashe kusan miliyan 3 daga cikinsu domin kitse da nama, har sai da hukumar duniya mai kula da farautarsu ta yanke shawara a shekarar 1982 cewa a dakatar da farautar kasuwanci, dokar kuma ta fara aiki a 1986. Tun kafin wannan lokaci wata sana'a dabam ta riga ta tsiro. A shekarar 1955 wani mai jirgin ruwa a San Diyego ta ƙasar Amurka ya fara ɗaukar mutane a kan dala ɗaya yana kai su cikin teku su ga giwayen da idonsu. Ya zuwa 2008 masu irin wannan fita kallo sun kai kimanin miliyan 13 a ƙasashe da yankuna 119, kuɗin da suka kashe kuma ya haura dala biliyan 2.

Duk mai hankali zai ce an sami ci gaba, tunda hannun da ke riƙe da mashi jiya kyamara yake riƙe da ita yau. Mu ma mun yarda. Amma akwai tambayar da ta kamata a tsaya a kanta: shin wanda ya kalli abu bai taɓa shi ba, ya fita daga haƙƙinsa ke nan?

Bari mu fara da inda kallo ya yi rana. A gaɓar yammacin ƙasar Meziko, a yankin Baha Kalifoniya, akwai wasu lungunan teku masu ruwa kwance inda giwaye masu launin toka ke zuwa haihuwa duk hunturu, bayan doguwar tafiya daga tekun ƙanƙara na arewa, tafiyar da zuwa da komowarta ta fi kilomita 15,000. A shekarar 1857 wani matuƙin jirgin farauta mai suna Charles Scammon ya shiga ɗaya daga cikin lungunan nan, wasu mafarauta kuma suka biyo sahunsa. Dabararsu ita ce su soki ɗan, domin sun san uwar ba za ta gudu ta bar shi ba. Uwayen kuwa suka riƙa farfasa ƙananan jiragensu, sai mafarautan suka laƙaba musu sunan shaiɗanun kifaye. Mai karatu ya lura da wanda ya shiga ɗakin haihuwa da makami, da kuma wanda aka kira shaiɗan.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1972, wani masunci mai suna Francisco Mayoral yana cikin kwalekwalensa a lungun San Iginasiyo sai wata giwa ta taso a gefensa ta ƙi tafiya. Da tsoro ya ɗan sake shi sai ya miƙa hannu ya shafa ta, ita kuwa ba ta yi masa kome ba. Tun daga nan aka san wurin da giwayen da ke kusantar jirage don kansu, har wata uwar takan turo ɗanta kusa da mutane. Masunta suka zama 'yan rakiyar baƙi a lokacin hunturu. Da gwamnatin Meziko da kamfanin Mitsubishi suka shirya gina katafariyar masana'antar gishiri a wurin, jama'a a ciki da wajen ƙasar suka yi ta ƙorafi har aka soke shirin a shekarar 2000. Da wuya a ce mutane su tashi haiƙan haka domin dabbar da ba su taɓa gani ba, ko a ido ko a hoto. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, a nan kuwa gani ya hana ɓarna.

To, amma a ɗauki wannan gefen tekun a yi arewa da shi har iyakar Amurka da Kanada, sai labari ya sha bamban. A can akwai wata zuriya ta dabbar da ake kira oka, mai baƙi da fari, wadda yawanta bai kai 80 ba, aka kuma sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2005. Abincinta kusan duka wani nau'in kifin salmon ne wanda shi ma ya yi ƙaranci. Ita oka da kunne take farauta: takan fitar da sauti, ya bugi kifi ya dawo mata, da haka take gane inda yake da girmansa. Sauti kuwa ya fi gudu a ruwa ninki huɗu a kan yadda yake yi a iska, yana kuma kai wa nesa. Saboda haka ƙarar injin jirgi a wurinta tamkar hazo ne a idon maharbi. Masu bincike sun gano cewa idan jirage suka matso, dabbobin nan, musamman mata, sukan rage neman abinci. Mutanen da ke cikin jiragen babu mugu ko ɗaya, masoya ne, wasu ma har hawaye suke yi don murna. Sai dai uwar da aka hana kiwo ba ta san bambancin ƙarar masoyi da ta maƙiyi ba.

A shekarar 2018 wata uwa daga cikin wannan zuriya, wadda masana suka yi wa lamba J35, ta haihu, jaririyar ta mutu nan take. Kwana 17 ta yi tana ture gawar da kanta a saman ruwa, ta ƙi bari ta nutse, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,600. Duniya ta gani ta tausaya. Amma a nan ne tambayarmu ta fi nauyi, domin a al'adarmu wanda ya je gidan makoki yakan sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa, ya tashi. Ba ya tsayawa yana ƙare wa mai kuka kallo. Muna da kalmomi na musamman a kan wannan hali, muna cewa kunya, muna cewa kara, muna cewa kawar da kai. Dukkansu sun ginu ne a kan fahimtar cewa ido yana iya shiga inda ƙafa ba ta shiga ba, kuma shigarsa ma kutse ce. Magidanci yakan rubuta "ba a shiga" a ƙofar gidansa. Dabbar teku ba ta da zaure balle ta yi rubutu a jikinsa, don haka nauyin tsayawa a waje ya koma kacokan kan baƙo. Jihar Washinton ta amince da haka a aikace, inda daga farkon 2025 doka ta wajabta wa jirage su nisanci wannan zuriya da yadi 1,000.

Wani zai ce ai dabba ce, ba ta san kunya ba, me ya kawo maganar kara? Gaskiya ne ba za a ce tana jin nauyin ido irin yadda mutum ke ji ba. Amma tana jin yunwa, tana jin gajiya, tana kuma bukatar natsuwa ta shayar da ɗanta, kuma duk waɗannan kallo yana iya tauye su. Bayan haka, kunya ado ce ga mai yin ta tun kafin ta amfani wanda aka yi wa.

Akwai kuma wata hanyar da kallo ke ɓata abin kallo, wadda ta fi ƙarar inji laushi. Wanda ya biya kuɗin jirgi yana son ya gani, mai jirgi kuma yana son ya cika alkawari, teku kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Matuƙi na ƙwarai yakan karanci sama: inda ya hangi tsuntsaye sun yi cincirindo suna faɗawa ruwa, ya san ƙananan kifaye sun taso, mai yiwuwa kuma akwai babba a ƙarƙashinsu yana koro su. Wannan ilimi ne, kuma yana iya kuskurewa. Mai gaggawa sai ya nemi gajeriyar hanya, wato abinci. A Oslob ta tsibirin Sebu a ƙasar Filifin, tun 2011 masunta ke watsa ƙananan jatan lande domin jawo kifin shak mafi girma, wanda shi ne ya fi kowane kifi girma a duniya, ga shi kuma ba ya cin mutum. Garin ya sami arziki, wannan ba abin rainawa ba ne ga wanda ya san talaucin masunci. Sai dai kifin da aka halitta ya ratsa tekuna ya koma yana bin kwalekwale da baki buɗe kamar akuyar gida, wasunsu ma da tabon gogar jirgi a jiki. Sabo turken wawa, har a cikin ruwa. Baƙon da ya ɗauki hotonsa ya koma gida yana cewa ya ga namun teku, alhali abin da ya gani mabaraci ne da aka koya wa bara dominsa.

Idan aka jera San Iginasiyo da Oslob, za a ga a duka biyun dabba ta zo kusa da mutum har ana iya taɓa ta, hotunan ma sun yi kama. Bambancin yana ga abin da ya kawo ta. A San Iginasiyo ba a ba giwa abinci, an ƙayyade yawan jiragen da ke shiga da tsawon lokacin da za su yi, kuma babban ɓangaren lungun an haramta wa masu kallo shi ɗungurungum. Giwar da ba ta son mutane tana da inda za ta je ta huta da ɗanta. Akwai ranar da jirgi zai fita ya dawo babu wadda ta kula shi, baƙi su sauka da kyamarorinsu ba su shafa kome ba, kuɗinsu kuma ya riga ya tafi.