Tsibirin Sao Tome da Tambayar Hutu

Karatu: Markus 6:30-34

A ce wani ɗan'uwa daga Fagam, wanda Ubangiji ya buɗa wa hanya yana aiki a Abuja, ya tara kuɗi zai kai iyalinsa tsibirin Sao Tome su yi mako guda, ba taro, ba kasuwanci, hutu kawai. Da labarin ya iso gida, bakuna za su rabu. Wasu za su ce almubazzaranci ne, ga gwauraye a ikkilisiya, ga yaran da aka koro saboda kuɗin makaranta. Wasu su ce guminsa ne. Wa ke da gaskiya?

Mu fara da kanmu. Sau da yawa muna ɗaukar gajiya a matsayin himma. Daga kwanan addu'a sai azumi, daga azumi sai taron farkawa, wanda ya ce ya gaji kuwa sai a dube shi kamar wutarsa ta mutu. Amma a karatunmu na yau, manzanni sun dawo daga wa'azi, jama'a ta hana su ko cin abinci, Yesu da kansa ya sa su shiga jirgin ruwa su keɓe su huta. Iliya ma, da ya karaya a jeji, barci da abinci Allah ya fara ba shi kafin magana. Saboda haka, 'yan'uwa, hutu ba zunubi ba ne.

Sai dai tsibirin nan yana da nasa labarin. Yana cikin tekun Gini, kudu da Najeriya, dab da layin da ya raba duniya biyu. Aman wutar duwatsu ne ya tasar da shi daga ƙarƙashin teku, dutsensa mafi tsawo ya haura mita 2,000, ƙasarsa kuma mai albarka ce ƙwarai. Turawan Fotugal sun same shi ba kowa wajen shekarar 1470. Suka kawo bayi su noma rake, daga baya kofi da koko, har a farkon ƙarni na 20 tsibirin yana sahun gaba a duniya wajen koko. Masu aikin 'yan kwantiragi ne daga Angola da Mozambik da Kef Bad, da yawansu ba su sake ganin gida ba. Sai a 1975 ƙasar ta sami 'yanci. Wasu daga manyan gidajen masu gonakin yau masaukin baƙi ne. A barandar da baƙo ke shan iska, a nan mai gona ya taɓa zama yana hutawa da gumin wasu.

Dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a sura 5 ba ta tsaya kan maigida ba. Ta haɗa da bawa, da baiwa, da baƙo, har da sa da jaki, dalili kuwa shi ne Isra'ilawa sun taɓa zama bayi a Masar. A ganina, a nan ma'aunin yake, ba a tsadar tikiti ba. Ɗan'uwanmu ya biya 'yan ƙodagon da suka yi masa girbi? Yarinyar da ke aikin gidansa, yaushe rabonta da ganin iyayenta? Matarsa za ta huta a can, ko wanki da renon yara ne za su bi ta har bakin teku? In ya amsa waɗannan ba kunya, ya tafi, kada kowa ya ɗora masa laifi.

Ya kuma shirya zuciyarsa, domin jirgin almajirai bai kai su ga hutun da suka sa rai ba. Taro ya riga su isa gaɓa, Yesu ya ji tausayinsu. Sao Tome ma ta taɓa ganin irin wannan: daga 1968 zuwa 1970, lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga can jiragen ƙungiyoyin ikkilisiya suke tashi da dare da abinci da magani zuwa Uli, inda aka mai da titin mota filin sauka. Wanda ya kashe har kobon ƙarshe a kan otal, in waya ta zo an kwantar da ƙaninsa a asibiti, da me zai amsa?

Yawancinmu ba za mu hau jirgin sama ba. Iyakarmu yini guda a duwatsun Birnin Kudu, wajen tsoffin zane-zanen nan, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ranar ma, a duba wa aka bari da awaki.