Shin Hukunci Yana Ƙarewa A Ƙofar Gidan Yari?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai karɓar tuban bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da ya yi laifi, alƙali ya ɗaure shi, ya cika wa'adinsa, aka buɗe masa ƙofa ya fito. Shin ya halatta mu toshe masa hanyar neman abinci saboda laifin da ya riga ya biya bashinsa? In kuwa bai halatta ba, to yaya mai dukiya zai yi da tsoron da ke zuciyarsa?

Kowa ya san halin da irin wannan bawan Allah yake shiga. In ya je ofis neman aiki, takardar da zai cika tana tambayarsa ko an taɓa ɗaure shi. In ya je wurin mai shago, sai a ce masa ya dawo gobe, goben da ba ta zuwa. In ya nemi aure, sai a ce an riga an yi wa yarinyar miji. Har a masallaci za ka ga wani ya jawo takalmansa kusa da shi don ya gan shi ya shigo sahu. Alƙali ya yanka masa shekara 2, mu kuwa mun yanka masa ɗaurin rai da rai, ba da zaman kotu ba, ba kuma damar ɗaukaka ƙara. Ƙarshen abin, cikinsa ya matsa masa, tsofaffin abokansa su kaɗai ne ke yi masa maraba, sai ya koma gidan jiya, mu kuma mu ce ai dama mun faɗa, hali zanen dutse ne.

Adalci ne mu saurari mai tsoro kafin mu yanke masa hukunci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Shari'a ta umurci mutum ya tsare dukiyarsa da iyalinsa, kuma hadisi ya yaba wa mumini da cewa ba ya yarda a cuce shi sau biyu ta hanya ɗaya. Don haka ba a zargin wanda ya yi taka-tsantsan. Abin tambaya shi ne, ina iyakar taka-tsantsan, ina kuma zalunci ya fara?

Bari mu duba yadda aka yi a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka, wata mace daga Banu Makhzum ta yi sata. Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata ceto, Annabi ya ƙi, aka tsayar mata da haddi. Masu wa'azi sukan tsaya a nan, alhali labarin yana da sauran bayani. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa matar ta kyautata tubanta, ta yi aure, kuma takan zo wurinta da bukatunta, ita kuma ta isar da su ga Annabi. Ku lura, an samu wanda ya aure ta, kuma ƙofar gidan Annabi ba ta rufe mata ba. Haka nan da aka yi wa wani bulalar shan giya, wani daga cikin jama'a ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma nuna cewa irin wannan magana taimakon Shaiɗan ce a kan ɗan'uwa.

Ga kuma Ka'abu ɗan Malik, wanda ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 ba da wani uzuri ba. An ƙaurace masa kwana 50, ba mai yi masa magana, har ƙasa ta yi masa ƙunci. Ranar da aka karɓi tubansa, mutane suka yi ta tarbarsa ƙungiya-ƙungiya, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya taso da gaggawa ya yi musafaha da shi. Ka'abu bai taɓa mantawa da wannan hannu da aka miƙa masa ba. Horon yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa, kuma da ya ƙare, mutanen da suka juya masa baya su ne suka yi rige-rigen rungumarsa.

Malaman fiƙihu sun auna mas'alar da ma'auni mai kyau. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa wanda aka yi wa haddin zina, in ya tuba, ana karɓar shaidarsa a kan komai in ban da sha'anin zina. Shaida a gaban alƙali babbar amana ce, domin da ita ake ƙwace dukiya, da ita ake raba aure. Duk da haka an mayar wa mai tuba da ita, aka keɓe ƙofa ɗaya tak, wato wadda ya faɗi ta cikinta. A nan amsar tambayarmu take. Wanda ya ci kuɗin ajiya, kana da hujja in ba ka ba shi mabuɗin asusu ba a ranar farko, domin ba a bai wa kura ajiyar nama. Amma wace hujja gare ka ta hana shi tuƙi, ko walda, ko gini, ko aikin gona? Taka-tsantsan yana rufe ƙofa ɗaya na ɗan lokaci. Wanda ya rufe ƙofofi duka har abada ya tsallake zuwa zalunci.

Dokokin zamani ma sun gane haka. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar zaɓe, amma ya iyakance hanin da shekara 10. A Ingila, tun 1974 aka yi dokar da ta ce bayan wani wa'adi, gwargwadon nauyin hukuncin, mutum ba sai ya ambaci tsohon laifinsa wurin neman yawancin ayyuka ba, in ban da ayyuka irin na kula da yara. A 2019 kuma aka sake wa gidajen yarin Nijeriya suna, suka zama gidajen gyaran hali. Ana koyar da ɗinki da kafinta da sauran sana'o'i a wasunsu, har akwai fursunonin da suka yi digiri ta hanyar jami'ar karatu daga gida. To amma me amfanin koya wa mutum ɗinki in ba wanda zai kawo masa yadi? Gwamnati tana iya sake suna, amma karɓar mutum aikin unguwa ne.

Saboda haka, ya ku masu shaguna da garejoji da gonaki, ga shawara. Ku bi al'adar da muka gada ta lamuni: a samu dattijo, ko liman, ko mai unguwa, ya tsaya wa mutumin. Ku fara ba shi aikin da ba ya haɗa shi da abin da ya kayar da shi, in ya riƙe ku ƙara masa. Ku biya shi cikakken ladansa, domin wanda ya rage wa ma'aikaci lada don ya san ba shi da wurin zuwa ya ci haram. Kada kuma ku riƙa yi masa gori duk ranar da aka saɓa. Masu fitar da zakka su tuna cewa wanda ya fito ba ko anini matalauci ne, kuma keken ɗinki ko jarin tireda ya fi masa mudun shinkafa amfani. Danginsa kuwa su sani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kai kuma ɗan'uwa da ka fito, na san abin da ya fi yunwa ci maka rai shi ne ganin kanka ba komai ba. Ka sani yanke ƙauna daga rahamar Allah zunubi ne da ya fi wanda aka ɗaure ka dominsa girma. Fudailu ɗan Iyadu ɗan fashi ne mai tare hanya kafin ya tuba, amma ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira yana cikin manyan masu tsoron Allah, malamai suna ɗaukar hadisi daga gare shi. Sai dai ka lura, yarda ba a roƙonta, gina ta ake yi kamar katanga, tubali bisa tubali.

Ka fara da mayar da haƙƙin wanda ka zalunta, ko neman yafewarsa, domin zaman kurkuku ba ya sauke bashin mutane. Ka rabu da abokan da suka kai ka, ko da zai kai ka ga sake gari. Kada ka raina sana'a, domin Annabi ya fifita ɗaukar igiya a yi itace a sayar a kan roƙon mutane, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ba a ɗora maka ka yi shelar laifinka a kasuwa ba, Allah Yana son sutura. Amma in wanda zai ba ka amana ya tambaye ka kai tsaye, ka faɗi gaskiya. Ka'abu ya ga masu ƙarya sun tsira da uzuri a ranar, shi ya faɗi gaskiya ya sha wuyar kwana 50, kuma shi ne aka saukar da aya a kan karɓar tubansa. Duk ranar da ka cika alkawari, duk sallar da ka yi cikin jam'i, duk kuɗin da ka ci da guminka, ka ƙara tubali ɗaya. Wata rana za ka ji an kira ka da sunan sana'arka, an manta da wancan suna.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa da yawa daga cikinmu abin da ya raba mu da wanda aka ɗaure shi ne suturar Allah kaɗai. Kullum muna roƙon Ya shafe mana laifuffukan da ba wanda ya sani. Da wane ido za mu yi wannan roƙo, alhali mun ƙi yafe wa wanda ya riga ya sha hukuncin nasa a bainar jama'a?

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya rufa mana asiri duniya da Lahira, Ya ba mu ikon buɗe wa ɗan'uwanmu ƙofa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.