Busasshen Daji: Abin Kallo Ne Ko Abin Ƙonawa?

Daga cikin lokutan shekara, damina muka fi yabo, domin ita ke cika mana rumbu. Da zarar an kammala girbin dawa da riɗi a ƙasar Keffi, iskar hunturu ta taso da hazo, sai mu kawar da kai daga daji tamkar ya mutu. Tambayar da wannan muƙala za ta duba ita ce: shin abin da ya daina ba mu amfani ya rasa haƙƙinsa a kanmu ke nan?

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Duk wanda ya hau Dutsen Maloney da sanyin safiyar Disamba zai hango gari lulluɓe da hazo. In ya gangaro bakin kogin Antau, zai tarar ruwa ya janye, masu lambu sun bi gaɓa da alayyafo da tumatir. Can a bayan gari kuwa gurjiya ta kakkaɓe ganyenta, ta yi ado da jan fure, mangwaro da kaɗanya su ma suna huda. Belbela na bin garken shanu cikin karan dawa. Shamuwa ta yi kudu sai wata damina, tsattsewar Turai kuma ta ƙetaro Sahara don guje wa sanyin ƙasarta. Ashe dajin da muke zaton ya mutu hutawa yake yi, yana tanadin abin da za mu ci baɗi.

To, yaya muke saka masa? Tsakanin Janairu da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, sai a cinna mata wuta domin a kama gafiya ko zomo. Shirwa ta yi ta shawagi bisa hayaƙi, wuta kuma ta lashe ƙananan itatuwa da busasshen ganyen da ke rufe ƙasa. Idan ruwan farko ya sauka, sai ya tarar da ƙasa tsirara, ya wanke albarkarta. Haka kuma buhunan gawayin da muke gani jere a bakin hanyar Abuja, a cikinsu akwai kaɗanyar da kan shafe shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Hausawa dai sun ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Wani zai ce wannan magana ce ta ƙoshi. Makiyayi na ƙona daji don sabon tsiro ya fito wa dabbobinsa, mai gawayi kuwa iyali yake ciyarwa. Wannan hanzari ne mai ƙarfi, kuma bai dace mu da ke cikin jami'a mu yi wa mai neman tuwo wa'azin kallon fure ba, alhali da gawayinsa ake dafa mana abinci. Sai dai ita kanta bukata tana da ƙa'ida. Masana gandun daji sun nuna cewa wutar farkon rani, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta kai ta ƙarshensa ɓarna ba. Haka nan sassabe reshe daban yake da kayar da itace.

A nan ne kallo ke da muhimmanci. Mutum ba ya tausayin abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba. Wanda ya san watan da gurjiya ke fure, hannunsa zai yi nauyi ranar da aka miƙa masa ashana. Saboda haka jin daɗin daji a kaka da hunturu tarbiyya ce, kuma bashi ne, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In mun sha inuwar itacen da wani ya ƙyale mana, wajibi ne mu ma mu ƙyale wa na baya.