Alƙalamin da Ya Cije

Karatu: Galatiyawa 6:1-5

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutanen Hajj Yusuf da yawa sun kulle gidajensu sun gudu, suna zaton kwana kaɗan za su yi. Mu ma haka. Sai bayan da sojoji suka karɓe birnin a watan Maris na 2025 muka koma. Muka tarar da gida wayam, har wayar lantarki an zare daga bango. Abin da ɓarayi suka raina shi ne tsohon alƙalamin mahaifina, Pelikan ƙirar Jamus, yana cikin gwangwanin allura da zare.

Irin wannan alƙalami ba kamar biro ba ne. Akan tsoma bakinsa cikin kwalbar tawada, a murɗa gindinsa, sai wani ɗan toshe da ke ciki ya ja baya ya zuƙo tawada, yadda sirinji ke zuƙo magani. Na murɗa, ya ƙi motsi. Shekara biyu cikin zafin Khartoum, tawadar da na bari a ciki ta bushe ta manne toshen da bangon bututun. Ɗana ya ɗauko filaya. Allah ya sa maƙwabcinmu yana nan, wani dattijo Bahaushe Musulmi mai gyaran agogo, wanda kakanninsa suka taso za su aikin hajji suka zauna a Sudan.

"Yaro, ajiye wannan," in ji shi. Ya dube ni. "Malam, in ka sa masa ƙarfi zai juya kam, amma sau ɗaya. Sandar ciki za ta karye."

Ya kwance bakin alƙalamin, ya ɗiga ruwan randa a ciki. Ya ce kada in sa ruwan zafi, zai lanƙwasa jikinsa. In bar shi ya kwana, da safe in zubar in sake sabo, sa'an nan in gwada murɗawa da yatsu biyu kawai. Da na ji ya cije, in tsaya.

'Yan'uwa, a makon nan ne dattawan ikkilisiyarmu suka zauna kan maganar wani ɗan'uwa. Shi ma ya dawo ya sami gidansa an kwashe, amma nasa ya fi nawa ciwo, gama ya ga ƙofarsa ta ƙarfe a jikin gidan wani da suke sujada tare. Tun daga ranar bai ƙara zuwa Jibin Ubangiji ba. Yakan zauna can baya, ya fita kafin a sa albarka. Waɗansu suka ce a kira shi a karanta masa Matiyu 18, a ba shi mako guda ya gafarta.

Umarnin gafara gaskiya ne, ba wanda zai rage masa ko wasali. Tambayar ita ce, muna da ikon murɗe shi daga zuciyar mutum da ƙarfi? Za mu iya sa shi ya tsaya gaban jama'a ya miƙa hannu, don yana jin kunyar dattawa. Bayan haka ina tsoron ba za mu sake ganinsa ba, mu kuwa mu rubuta a littafi cewa an sasanta.

Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a aya ta ɗaya don maido da ɗan'uwa, ita ce Markus 1:19 ya mora wajen Yakubu da Yahaya suna gyaran tarunsu. Masunci ba ya fizgar taru, ƙulli ɗaya-ɗaya yake bi. Abokan Ayuba ma, kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba ya fi dukan jawabansu amfani.

Wani zai ce wannan ai tsoro ne aka sa wa sunan haƙuri. Yana da hujja, domin sau da yawa haka muke yi. Amma mai gyaran agogo bai ce in jefa alƙalamin cikin aljihun tebur in manta da shi ba. Kowace safiya sai na taɓa shi. Akwai kuma abin da ya kamata mu ji kunyarsa: mun shirya zama kan wanda aka cuta, ba wanda ya taka zuwa gidan da ƙofar take. Zakka, cikin Luka 19, da bakinsa ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu.

Ran kwana biyar gindin alƙalamin ya motsa, ruwa ya fito shuɗi. Toshen kuwa ya ƙanƙance, yana yoyo, sai da dattijon ya yanka sabo. Ɗan'uwanmu har yanzu a baya yake zama. Ran Alhamis dattawa biyu za su je gidan mai ƙofar, ni kuma zan kai wa ɗan'uwan shayi, ba tare da na buɗe masa aya ko ɗaya ba.