Waƙar da ta Haɗiye Sunan Mai Ita

Ranar Lahadi, idan kasuwar Jibiya ta cika ta batse, da wuya mutum ya ratsa tasha bai ji wani makaho yana rera baitocin Imfiraji ba, ɗan jagora na riƙe da sanda, fasinjojin Maraɗi na miƙo sadaka ta taga. A tambayi mai rerawa ko waƙar wa ce, sau da yawa zai ce waƙar bara ce, haka ya taso ya ji ta. Alhali kuwa tana da mai ita: Alhaji Aliyu Namangi Zariya, wanda aka haifa a 1894, ya rasu a 1990, makaho tun ƙuruciya, malami mai almajirai, magidanci, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Shin wanda aikinsa ke yawo a bakin jama'a, sunansa kuwa ya faɗi a hanya, an tuna da shi ko an cuce shi?

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya nuna cewa abubuwa uku ne ke bin mamaci: sadakar da ba ta yankewa, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Abin lura, suna ba ya cikinsu. A wannan ma'auni Namangi bai yi asarar komai ba. Duk makahon da ya ci tuwon dare da baitinsa, ladan na isa kabari ko da bai san Zariya ba. Wataƙila ma ɓacewar sunan ita ce cikar ikhlasi, tunda waƙar da ke gargaɗi kan ruɗin duniya ba ta dace da farautar tafi ba.

Sai dai wannan lissafi tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, bai sauke mana namu nauyin ba. Malaman zaure ba su taɓa yarda da ilimi maras salsala ba. Ɗalibi kan ce daga wane na ɗauka, shi kuma daga wane. Ambaton sunan malami amana ce. Wanda ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta butulu ne, ko da gangar ba ta yi ƙara ba.

Kuma Namangi mai sa'a ne. An buga waƙoƙinsa da boko a Zariya, rediyo ta naɗi muryarsa, ɗalibai na rubuta kundaye a kansa. Cikin fuskoki ukun nan, mawaƙi ne kaɗai ke da taska. Darasin malami yana zaune ne a ƙirjin ɗalibai, kyautatawar maigida kuma ba ta wuce soro; ba wanda ke naɗar muryar uba yana tashin 'ya'yansa sallar asuba. Shi ya sa a zaman makoki muke gamawa da “mutumin kirki ne”, kalmar da muke yi wa kowa kuɗin goro da ita, har ta daina bambanta wanda ya yi shekara arba'in yana wanke allo da wanda bai taɓa koya wa yaro baƙi ba.

Wannan ya fi ciwo a irin su Riko. Can ƙwaƙwalwar gari ita ce kundin tarihi: tsofaffin da ke gindin bishiya su ne suka san wanda ya kafa makarantar allo, da wanda ke jan baitin ishiriniya a daren Mauludi. Hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama a ƙasar Jibiya, wasu mutanen suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka nufi Katsina. Almajiran malami guda yanzu suna ƙasashe biyu, kabarinsa na inda ba a iya ziyarta. Karatun ya tafi da su, waƙar ma haka. Sunan kuwa yana bakin dattawa ƙalilan, kuma ba kowa ke zuwa tambayarsu ba.