Na'ura da Malakar Ilimi

Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya koka a cikin Muƙaddima da ɗaliban da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a majalisun malamai, ƙirjinsu cike da hadda, amma idan aka jefo mas'ala sai su yi tsit. Domin a ra'ayinsa ilimi sana'a ne, ba ya zama malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a zuciya, sai da maimaita aiki da yawan munazara. Kusan haka John Dewey ya fahimta sa'ad da ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Shikago a 1896, inda yara suke tsintar lissafi wajen awon gari da yankan katako, kafin masanin ilimi Kilpatrick ya tsara wannan hanya ta koyo da aiki a rubuce a 1918.

To, ina matsayin kwamfuta? A ganina, idan aka bar ta ita kaɗai, hadda ce wadda ba a sha wahalarta ba, alhali mahaddacin dā, kome aibinsa, ya kwana da allonsa. Amma idan malami ya ɗora wa yara binciken dalilin ƙafewar rijiyar unguwa, suka zura igiya mai ƙulle-ƙulle kowace Asabar, suka zuba adadin a na'ura ta zana musu yadda ruwan yake ja da baya, sa'an nan suka tsaya gaban dattawa suna kāre hujjarsu, to, na'urar ta zama hadima, hukunci kuwa ya rage a hannun yaron da zai amsa tambayar mai unguwa.